Waiwaye: Liyarin Iya da Amon Azurfa

Wata Alhamis kwanan baya na shiga kasuwar Maigatari neman ragon suna. Da na gama da kara, na ratso ta wajen masu goro, sai na ji wata dattijuwa da ta tsallako daga wajen Dungas tana taya goro. Ta ce, "Dala ashirin zan ba ka, in ka sallama." Sefa ɗari take nufi, domin a Nijar har gobe da dala ake lissafi, kowace dala tamma biyar ce. Mu ma nan Nijeriya, zamanin fam da sule, in an ce dala ana nufin sule biyu. Na tsaya ina juya kalmar a raina. Sunan yana nan da ransa a bakin mutane, amma kuɗin azurfar da ya zo da sunan ya ɓace daga hannunmu. Nan take na tuna da Iya, kakata ta wajen uwa, da adudunta, da wani kuskure da na yi shekara arba'in da suka wuce wanda har yau nake karatu a kansa.

A watan Janairun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ta zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma. Ina yaro a Gumel lokacin, kuma na tuna yadda mutanen ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa suka riƙa shigowa gari da ƙulle-ƙullen kuɗi, wasu an tono su daga ƙarƙashin gado, kowa na tsoron kada ajiyarsa ta mutu a hannunsa. Iya ta ba kawuna 'yan sulallanta ya canzo mata. Da dare ya yi sai ta kira ni ɗakinta, ta ce, "Maigidana, zo ka ga kuɗin da ba ya jin shela."

Ta jawo adudu, ta zaro wani tsohon zanen saƙi, ta warware ƙulli uku. Kuɗi ne manya guda bakwai, kowanne ya kusa cika tafin hannuna. Shida iri ɗaya ne: a fuska ɗaya hoton wata mace mai jiki da mayafi, a ɗayar kuma mikiya mai kai biyu. Na bakwai ya bambanta. Ya suɗe, ya yi duhu, a bayansa akwai ginshiƙai biyu, shi ya sa take ce masa mai igwa.

Ta ce, "Wannan shi ne liyari. Na ga wuri ya mutu a kasuwa, na ga anini ya mutu, yau ga sule ya bi su. Wannan kuwa ko sarki ya sake, ko Bature ya tafi, nauyinsa yana jikinsa."

Sai da na girma na san tsawon tafiyar da kuɗin nan suka yi kafin su kwanta a adudun Iya. Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar da ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780, kuma mayafin da ke kanta na takabar mijinta ne. An fara buga kuɗin da sunanta a 1741. Turawan can suna ce masa tala, sunan da ya samo asali daga wani kwari mai ma'adinin azurfa a ƙasar Cek ta yau, kuma daga wannan kalma aka sami dalar Amurka da dalar da dattijuwar Dungas take lissafi da ita. Kalmar liyari kuwa ta biyo bakin Larabawa ne, daga riyal. Kowane ɗaya nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin dubu azurfa ce, sauran jan ƙarfe ne don ya yi ƙwari. Saboda wannan ma'auni ya daɗe bai sauya ba, fatake daga Yaman da Habasha har zuwa Barno suka amince da shi fiye da kowane kuɗi.

Ta hamada ya iso mana, a bayan raƙuma, daga Tarabulus ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa, wani kuma ta Gat da Agadas zuwa Kano. Gumel tana tsakiyar waɗannan hanyoyi. Masarautar Gumel, wato Lautai, ta Mangawa ce, kuma a ƙarni na 19 Barno take bi, ba Sakkwato ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma bayyana ta a matsayin babbar matattarar cinikin kanwa. A Kano ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a wuri 2,500. Ke nan keso guda na wuri 20,000, kayan da sai ƙato yake ɗauka, liyari takwas ne kacal, waɗanda falke zai ƙulla a lalitarsa ya hau raƙumi ba wanda ya sani. Wuri kuɗin cefane ne, liyari kuwa kuɗin doki da raƙumi da doguwar tafiya. Kakan Iya falken kanwa ne, kuma ta ce mai igwa daga hannunsa ya fito.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar nan a 1903, sannu a hankali suka tilasta biyan haraji da kuɗinsu. A 1912 suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, aka zo da sule da sisi da taro. Sulallan farko na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma buga su da wani ƙarfe mai araha. Tsofaffi sun lura da wannan tun kafin a gaya musu. Suka riƙa kashe sabon sule, suna ɓoye tsohon tare da liyari. Daga nan liyari ya bar kasuwa ya koma adudu, ya koma wuyan amare da kitson Fulani, ya koma maƙerar maƙeran fari inda ake narka shi a yi zobe da munduwa da adon linzami.

Abin da ya fi zama mini a rai daga daren nan shi ne yadda Iya ta koya mini gane na ƙwarai. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma tana da ma'auni uku: kunne da yatsa da tafin hannu.

Ta ɗora ɗaya a kan ɗan yatsanta, ta ƙwanƙwasa gefensa da wani. Wani siririn amo ya tashi, ya daɗe yana yawo a ɗakin kafin ya mutu. Ta ce, "Ka ji? Azurfa ba ta yin shiru da wuri. Wanda aka cuɗa da dalma, kana bugawa zai ce tif, ya yi gum."

Sai ta kama babban yatsana ta goga a kafaɗar matar, inda maɓallin mayafinta yake. Na ji 'yan ƙananan ɗigo-ɗigo sun kewaye shi. Ta ce fatake ko cikin duhu da wannan suke ganewa. In ɗigon nan da na kambin kanta suna nan daram, liyari cikakke ne. In sun shafe, ya sha hannu, nauyinsa ya ragu, sai a rage masa daraja ko a ƙi shi. Ta juya shi ta nuna mini rubutun da ya zagaye kaurinsa, ta ce an yi shi ne saboda masu kankare gefe su tara garin azurfa. Wanda gefensa ya yi sumul, an yi masa aski. Daga ƙarshe ta ɗora ɗaya a kowane tafin hannuna, ta ce in rufe ido in ji ko sun yi daidai.

Ta ce, "Maigidana, kada ƙyalli ya ɗauke maka ido. Ka saurari amo, ka taɓa, ka auna."

Na ji maganar, amma ban riƙe ta ba.

Allah Ya yi wa Iya rasuwa kafin babban farin da ya zo a 1984. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa. Mu da muke bakin iyaka mun ji a jikinmu, domin rabin cinikinmu da mutanen Magarya da Damagaram ne. Daminar shekarar kuma ta zo da gardama, gero ya bushe a tsaye a gonaki da yawa. Kafin wata damina ta kewayo rumbunmu ya yi ƙasa. Mahaifiyata da kawuna suka yi shawara a sayar da liyari shida a sayi hatsi, a bar ɗaya don tunawa da Iya. Da yake ni ne ɗan makaranta, kawu ya ce, "Kai da ka iya karatun Bature, duba mana wanda ya fi tsufa mu ajiye."

Na duba. Shida suna ɗauke da 1780. Mai igwa kuwa, da na kai shi hasken fitila, na karanto 1796. Na ce da shi, "Kawu, wannan baƙin shi ne ƙaraminsu, ga shi kuma ya suɗe. Mu ajiye wannan mai hasken." Na zaɓi wanda ya fi kowanne ƙyalli cikin masu 1780. Daren nan na zauna da toka da lemun tsami na dirje sauran shidan har suka yi fari tas, ina ganin gyara nake yi don su yi kuɗi.

Ranar Alhamis muka kai su Maigatari wurin wani mai sayen azurfa. Ya juya su, ya dube ni ya ce, "Samari, wa ya wanke su?" Na ce ni ne. Ya girgiza kai, bai ƙara magana ba. Ya zuba su a ma'auni, ya biya mu kuɗin nauyinsu, ya jefa su cikin wata batta tare da karyayyun mundaye masu jiran wuta. Muka sayi gero muka ɗora a mota.

Ba na nadamar sayarwar. Don irin wannan rana Iya ta ajiye su, kuma sun yi aikinsu: gidanmu bai kwana da yunwa ba har aka shiga kaka. Ba dukiya ce mai yawa ba, bakwai ɗin duka ba su kai sulusin nisabin zakka na dirhami 200 ba, wato wajen giram 595 na azurfa. Amma lokacin da takardar kuɗi take sauya launi a dare ɗaya, su ba su sauya ba. Nadamata a kan zaɓin da na yi ne.

Shekaru bayan haka na nuna wa wani malamin tarihi liyarin da muka ajiye, ina alfahari da cewa ya haura shekara ɗari biyu. Ya ce in zauna. Ya bayyana mini cewa 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, saboda fatake ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga sama da miliyan 300. A Ostiriya kanta an daina ciniki da shi tun 1858, amma ba a daina buga shi don ƙasashenmu ba. Tsakanin shekarun 1930 da farkon na 1960 an buga shi a Rum da Landan da Faris da Bombai, kuma har yau gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da sababbi da 1780 a jikinsu. Mai igwa kuwa dalar Sifaniya ce, irin wadda aka riƙa bugawa a Meziko da Kudancin Amurka, kuma shekarar da ke jikinta ita ce shekararta ta gaskiya. Ginshiƙan nan biyu ne Larabawa suka ɗauka igwa ce.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, sai ta ce ai mai hasken nan wani alhaji ne ya kawo wa Iya tsaraba, da ya dawo daga Makka ta hanyar Sudan, kusa da haihuwata. Ashe na ajiye baƙon jiya, na miƙa wa wuta wanda ya ratsa teku da hamada, ya zauna a lalitar kakan kakata. Rashin sani ya fi dare duhu, amma guntun sani ya fi shi haɗari, domin mai shi ba ya tambaya. Mahaifiyata tana zaune a tsakar gida daren da na yi zaɓin. Tambaya ɗaya ta isa.

Daga baya na karanta yadda mutanen Amurka suka mayar da irin ilimin Iya sana'a mai zaman kanta. Suna da tsohuwar dalarsu ta azurfa da ake kira Morgan, da sunan wanda ya zana ta, George Morgan. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Su ma sun yi ɓarna irin tamu, domin wata doka ta 1918 ta sa an narka dalolin azurfa sama da miliyan 270. Waɗanda suka tsira ne masu tarawa suke bi yanzu. A 1949 wani mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70: lamba 1 kuɗin da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi, 70 kuwa wanda ba shi da ko ƙwarzane. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 aka kafa NGC, aikinsu su duba kuɗi, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin roba.

Me suke dubawa? Wuraren da suka fi tudu, waɗanda hannu yake fara ci: kumatun matar da ke jikin dalar Morgan, da gashin da ke saman kunnenta, da gashin ƙirjin mikiya. Wannan shi ne maɓallin kafaɗar da Iya ta goga mini. Suna aunawa kamar yadda ta auna. Abin da suka ƙara shi ne rubutu. Sun san kowace shekara guda nawa aka buga, a wane gari, domin akwai ƙaramin harafi da ke nuna gidan da ya buga. Wadda aka buga a San Faransisko a 1893, alal misali, guda 100,000 ce kawai, shi ya sa take da tsada ko ta sha hannu. Wata dala ta 1794, daga cikin na farko da ƙasar ta buga, an sayar da ita sama da dala miliyan 10 a 2013. Kuma a wurinsu babban laifi shi ne wanke tsohon kuɗi. Duhun da shekaru suka shafa masa shaida ce, dirza kuwa tana cinye fatarsa, ta bar ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Wanda aka wanke ba sa ba shi lamba, sai su rubuta cewa wankakke ne, farashinsa ya faɗi. Ranar da na karanta wannan na fahimci girgiza kan mutumin Maigatari.

A nan dole in ja kunne. Labarin miliyoyin nan shi ne 'yan damfara suke kama mutane da shi. Za ka ji ana raɗe-raɗin cewa ana neman kwabo mai huji ko liyari a kan kuɗi masu yawa, sai wani ya zo ya ce a ba shi kuɗin gwaji ko na kai wa Bature, daga nan ba a sake ganinsa. Wani kuma jabu zai kawo, farin ƙarfe mai 1780 a jiki, ya ce gadon sarakuna ne. Gaskiyar magana ita ce abin da aka buga ɗaruruwan miliyoyi ba ya tsada don shekarar da ke jikinsa. Liyari na yau da kullum farashinsa yana kusa da kuɗin azurfar da ke cikinsa, kwabo mai huji ma ba azurfa ba ne. Ko mai igwan da na rasa, yadda ya suɗe ɗin nan, ba zai mai da mu attajirai ba. Darajarsa a wurinmu ita ce shi kaɗai ne shaidar da ta rage a gidanmu cewa kakanninmu sun yi fatauci da duniya tun kafin a shata iyaka tsakanin Maigatari da Dungas. Wannan ba a auna ta a ma'aunin mai sayen azurfa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon mai karatu. In akwai irin wannan ajiya a gidanku, liyari ne ko tsohon sule ko zoben da aka ɗora wa kuɗi, kada ka wanke, kada ka huda, kada ka kai maƙera. Naɗe kowanne daban a ƙyalle mai laushi, ka riƙa kama shi ta gefe. In kana shakkar ingancinsa, saurari amonsa, ka auna shi a ma'aunin masu zinariya, ka kuma kusanta masa mayen ƙarfe, domin azurfa ba ta bin sa. In larura ta sa dole ka sayar, nuna wa mutum biyu ko uku da suka san abin kafin ka sallama, ka kuma ɗauki hotonsa fuska biyu da wayarka. Mafi muhimmanci, je wurin tsohuwar da ta san labarinsa tun tana da rai. Tambaye ta wa ya kawo shi, daga ina, a zamanin wane sarki, sadaki ne ko tsaraba ko ribar fatauci. Rubuta amsar a takarda ka ajiye tare da shi.

Ina kuma kira ga Masarautar Gumel da malaman tarihi na Kwalejin Ilimi da ke garin, su duba yiwuwar tattara irin waɗannan kaya da labaransu daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a tanadi ɗaki guda inda 'yan makaranta za su ga wuri da liyari da anini da sule da idonsu, kamar yadda ake zuwa Gidan Makama a Kano a ga kayan da. Masu wannan ilimi suna ƙarewa, kuma kowace tsohuwa ta tafi, da nata adudun labarin take tafiya.

Liyari mai hasken nan yana wurina har yanzu. Ranar sunan da na sayo wa rago, na ɗora shi a ɗan yatsana na ƙwanƙwasa wa manyan jikokina, suka yi tsit har amon ya mutu. Na gaya musu abin da Iya ta gaya mini, na kuma gaya musu abin da na yi da na ƙi riƙe shi. Allah Ya jiƙan Iya da dukkan magabatanmu. Kai kuma mai karatu, kafin ka yanke wa wani abu daraja, kuɗi ne ko mutum, saurari amonsa, ka auna nauyinsa, ka tambayi wanda ya riga ka saninsa.